A Gwada Na'urorin Sanyaya Gine-gine Kafin A Karɓi Makullai

MAIDUGURI: Ambaliyar madatsar Alau ta Satumbar 2024 ta tilasta gyaran asibitoci da ofisoshi da dama a Maiduguri. Sai dai kafa na'urorin sanyaya ɗakuna da zagaya iska rabin aiki ne kawai. Sauran rabin shi ne gwada su kafin ɗan kwangila ya miƙa makullai.

A watan Afrilu zafin birnin yakan haura digiri 40, da hunturu kuma ƙura takan toshe matatun iska. Wutar lantarki ma ba abin wasa ba ce a birnin da ya shafe watanni cikin duhu bayan lalata turakunta a 2021. Na'urar da ba a daidaita ba tana shan wuta da dizal a banza, ta bar majinyata cikin gumi.

Saboda haka, ya kamata injiniya mai zaman kansa ya auna iskar kowane ɗaki, ya gwada na'urar da wutar gari da ta janareta, ya kuma horar da masu kula da ita. Kada a biya ragowar kuɗin kwangila sai ta tsallake bazara guda lafiya.