Linux a gidajen Yawuri: hukuncin yana hannun mai gyara

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10. Kwamfutar da ke ɗauke da ita ba ta mutu ba, tana kunnuwa, tana buɗe takardu kamar jiya. Abin da ya tsaya shi ne facin tsaro da kamfanin yake aikowa kowane wata domin toshe kafofin da masu kutse suke ganowa. An ba mutanen gida damar ƙarin shekara ɗaya, zuwa Oktoban 2026, ga wanda ya yi rajistar wannan shiri. Daga nan shawarar kamfanin ita ce a koma Windows 11, wadda take neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar Intel zubi na takwas ko abin da ya fi, wato irin wadda ta fara fitowa a 2017.

To, mai karatu ya duba kwamfutocin da ke gidajen malaman makaranta da ma'aikatan jinya da ɗalibai a Yelwa da Wara da Shanga. Galibinsu na hannu ne, HP EliteBook da Dell Latitude waɗanda suka gama wa'adinsu a ofisoshin Turai da Amurka, suka biyo ta Ikeja ko Kano suka iso mana. Da yawansu sun girmi 2017. Ƙarfensu lafiya lau, amma ƙa'idar Windows 11 ta riga ta yi waje da su. Shi ya sa tambayar da a da sai 'yan jami'a masu son gwaje-gwaje suke yi ta zama tambayar magidanci: shin Linux, uwar manhajar nan da ake rabawa kyauta, za ta iya riƙe kwamfutar gida?

Amsata ita ce za ta iya, ga yawancin gidaje. Amma hujjar da masu tallata ta suka fi so, wato kyauta ce, ba ta da nauyi a wajenmu. Mu faɗi gaskiya: mutum nawa a Yawuri ya taɓa sayen lasisin Windows da kuɗinsa? Mai gyara ne yake ɗora ta daga filash, ya haɗa da Word da CorelDRAW da sauran tarkace, a ba shi ɗan abin da aka ba shi. A idon mai kwamfutar, Windows ma kyauta ce. Wanda ya zo yana yi masa albishir da manhaja maras kuɗi bai kawo masa labari ba.

Sai dai banza ba ta kai zomo kasuwa. Manhajar da aka fasa makullinta takan zo da baƙin da ba a gayyata ba, kuma sau da yawa sai an kashe mai gadin kwamfutar kafin fasawar ta kama. Duk wanda ya taɓa kai filash shagon buga takardu ya dawo ya tarar fayilolinsa sun koma gumakan da ba sa buɗewa ya san kuɗin da ake biya. Kuma kwamfutar gida yanzu ba ta kallon finafinai kaɗai ba ce. Da ita ake shiga asusun banki, da ita ake cike takardun neman aiki da na jami'a, a cikinta ake ajiye hoton katin ɗan ƙasa da takardun shaida. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta durƙusar da asibitoci a Ingila ta hanyar kwamfutocin da ba a yi wa facin tsaro ba. Idan haka ta sami hukuma mai ƙwararru, ina ga kwamfutar da yara huɗu suke karɓa-karɓa a kanta?

A nan ne Linux take da abin faɗa. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara ta a 1991, kuma duk mai wayar Android yana ɗauke da zuciyarta a aljihunsa ko bai sani ba. Nau'o'inta na gida, irin su Ubuntu da ta fito a 2004 da Linux Mint da ta biyo baya a 2006, sun daɗe da wuce zamanin baƙin allo da rubuta umarni. Mint musamman an tsara fuskarta yadda wanda ya saba da Windows ba zai ɓata ba: ga maɓallin farawa a ƙasa ta hagu, ga agogo ta dama. Manyan fitowarta suna samun facin tsaro na shekara biyar, ba tare da an tambayi shekarun kwamfutar ba. Cututtukan filash da suka addabe mu an rubuta su ne domin Windows, a kan Linux ba sa motsi. Ba ta kuma sabunta kanta a ɓoye ta cinye datar da aka saya domin wani abu. Sai mai ita ya ce a yi. Tana da tsarin rubutun Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ. Ga gidan da aikinsa bai wuce shiga intanet, rubuta wasiƙa, sauraron karatu da tafsiri, kallon darasi da koya wa yaro sarrafa linzami kafin jarrabawar JAMB ba, wannan ya wadatar har da saura. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kada dai a yi mata ƙarin gishiri. Ba ta mayar da mataccen batir sabo, a wasu kwamfutocin ma cajin ya fi saurin ƙarewa. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a ƙasar da take bakin tafkin da yake juya injinan Kainji, amma mutanenta suke auna aikin dare da ragowar caji.

Akwai kuma waɗanda ba zan ba su shawarar sauyawa ba ko kusa. Mai shagon da yake zana katin biki da fastar siyasa da kalandar makarantar Islamiyya, abincinsa yana cikin CorelDRAW, ita kuwa ba a yi ta domin Linux ba. Akwai Inkscape, tana da kyau, amma ba za a ce wa mai sana'a ya zubar da gwanintar shekara goma da tarin tsofaffin zane-zanensa ba. Haka ɗalibin da yake rubuta kundin digiri. LibreOffice tana buɗe takardun Word, tana kuma ajiyewa a tsarinsu, amma teburi da lambobin shafi sukan goce idan takardar ta yi ta kai da komo tsakanin manhajojin biyu, malami mai duba aiki kuma ba zai saurari wannan uzuri ba. Firinta ma sai an duba: na HP yawanci suna kamawa da kansu, wasu kuwa sai an sha fama.

Babban cikas ɗin ya fi duk waɗannan. Kwamfuta a wajenmu ba ta rayuwa ita kaɗai, tana rayuwa ne a cikin dangi: ƙanen da ya iya, maƙwabcin da yake da filash cike da manhajoji, da mai gyara a kasuwa. Wannan dangin duka harshen Windows suke ji. Manhajojinmu hannu da hannu suke yawo, alhali Linux ta saba ɗauko nata daga intanet, abin da yake da sauƙi a Yelwa amma ba haka yake ba a ƙauyukan bakin ruwa inda sabis yake zuwa yana tafiya. Ranar da wani abu ya cije, aka kai ta shago, mai gyaran da bai taɓa ganin Linux ba abu ɗaya zai yi: ya share komai ya mayar da Windows ɗin da ya sani. Ba laifinsa ba ne. Ba a koya masa ba, kuma babu mai biyan sa ya koya.

Ko manyan birane sun ci karo da wannan. Hukumar birnin Munik a Jamus ta mayar da dubban kwamfutocinta kan Linux tun daga shekarun 2000, sannan a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows, bayan ƙorafe-ƙorafen ma'aikata da jayayyar siyasa. A ɗaya gefen, jihar Kerala ta Indiya ta daɗe tana tafiyar da kwamfutocin makarantun gwamnati a kan Linux, kuma abin ya zauna saboda ta horar da malamai, yaran kuma da ita suka buɗe ido. Manhajar kusan ɗaya ce a wuraren biyu. Abin da ya bambanta shi ne yawan mutanen da za a iya kira idan ta cije.

Saboda haka ba magidanci ya kamata a fara yi wa wa'azi ba. Masu gyara za a fara da su, da malaman kwamfuta na sakandare da masu cibiyoyin koyar da ita. Da a ce mutum biyar a Yelwa sun iya ɗora Mint, sun iya haɗa firinta, sun san yadda ake ajiye manhajoji a filash domin wanda ba shi da sabis, da mai zuwa daga Ngaski ko Shanga ya sami wurin kai kukansa ba sai ya nufi Kwantagora ko Birnin Kebbi ba. Ga mai gyaran ma ciniki ne, domin kwamfutocin da Windows 11 ta ƙi suna nan jibge a gidaje. Dabarar da wasu suke yi ta tsallake ƙa'idar su cusa Windows 11 da ƙarfi kuwa, kamfanin da kansa ya ce bai lamunce wa irin wannan kwamfutar sabuntawa ba.

Wanda yake da tsohuwar kwamfuta yana son ya gani da idonsa ba sai ya share komai ba. Ana ɗora Mint a kan filash mai gigabait 8, a tayar da kwamfutar daga gare shi, a gwada sauti da kyamara da haɗin intanet da firintar gidan, a buɗe takardun da aka fi amfani da su. Idan an zare filash ɗin, Windows tana nan yadda aka bar ta. In komai ya kama, sai a kwafe hotuna da takardu zuwa wani wuri kafin a ɗora ta dindindin, a kuma tabbatar akwai lambar wayar mutum ɗaya a garin wanda ya san ta.