Kan Wasan Balatro: Mun Bar Jaki Muna Dukan Taiki



Abin da ya sa na zauna wannan rubutu shi ne wata 'yar hatsaniya da aka yi a shagon Baba a kasuwar Wuse. Kasuwa ta yi sanyi bayan Azahar, na ciro waya ina buga wani wasa mai suna Balatro, sai wani dattijo maƙwabcinmu ya leƙo ya hango hoton karta. Nan take ya hau salati: "Alhaji, ɗanka ya fara caca!" Kafin La'asar zance ya zaga layinmu kaf. Baba ya ce ko in goge shi, ko in kawo hujja. To ga hujjar, kuma gara kowa ya ji.

Shi dai wannan wasa ba wani babban kamfani ne ya ƙirƙire shi ba. Mutum ɗaya ne a ƙasar Kanada, mai kiran kansa LocalThunk. Wasan ya fito a Fabrairun 2024, ya shigo waya a Satumbar shekarar. Kai kaɗai kake bugawa, babu abokin karawa. Ana raba maka karta takwas, ka zaɓi biyar ko ƙasa da haka ka haɗa, a ba ka maki. Kowane mataki da adadin makin da sai ka kai, in ka kasa ka koma farko. Daɗinsa yana wajen wasu katuna na musamman guda 150 da ake kira joka, kowanne da irin tasirinsa a kan lissafin. Duk wanda ya taɓa ware riba daga uwar kuɗi zai gane shi da wuri.

To jama'a, ina cacar take? Caca ita ce ka zuba kuɗinka, ko ka ci na wani ko a ci naka, ita ce Allah Ya haramta a Suratul Ma'ida aya ta 90. Wannan kuwa sau ɗaya ake biya, kusan dala 10, shi ke nan. Ba a sake karɓar ko kwabo, ba ka cin ko kwabo. Turawa ma sun yi irin kuskuren dattijon namu. Hukumar PEGI mai tantance wasanni a Turai ta ce sai ɗan shekara 18 saboda kamannin karta, aka ɗaukaka ƙara, a Fabrairun 2025 ta mai da shi 12.

Amma abin da ke ci min tuwo a ƙwarya ba shi ne nan ba. Ku zaga Nyanya, Karu, Kubwa ko Dei-Dei ranar da ake ƙwallon Ingila, ku leƙa shagunan cacar ƙwallo ku ga 'ya'yan wa ke ciki. Namu ne wallahi! A layinmu akwai yaron shagon da ya zuba cinikin maigidansa na mako guda a kan wasa ɗaya, aka sallame shi ya koma gida da kunya. Ban ji wanda ya yi salati lokacin da yake yawo da tikiti a aljihu ba, domin ba a ga hoton karta ba. A Kano, Hisba ta rufe irin waɗannan shaguna a 2024. Mu nan babu Hisba. Hasali ma a Nuwambar 2024 Kotun Ƙoli ta ce dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta hau kan jihohi ba, sai Abuja kaɗai, wato a garin nan caca da takardar izini take tafiya. In ba mu tsare yaranmu ba, babu mai tsare mana su.

Kada mai karatu ya ɗauka na wanke Balatro tas. Ɓarawon lokaci ne na gaske. Na taɓa cewa bari in buga ɗaya bayan Isha'i, sai ga ni ƙarfe biyu na dare, na makara Asuba. Wannan laifi ne, kuma nawa ne. Dala 10 ma ba ƙaramin kuɗi ba ne a wannan marra. Sannan akwai malaman da suka hana karta ko da babu kuɗi a ciki, wanda ya bi wannan fahimta ba ni da ja da shi. Sai dai ya kira abin da sunansa, ya ce ɓata lokaci ne, kada ya liƙa wa ɗan mutane sunan ɗan caca, alhali da yawanmu mun tashi muna buga Whot a ƙofar gida.

Hukuncina shi ne, wasan ya cancanci a buga, ga wanda zai iya ajiye waya in an kira salla. Wanda ya san ba zai iya ba, ya bar kuɗinsa a aljihu. Baba ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ya ji, amma kada ya sake ganinsa a shago. A nan kam gaskiyarsa ce, na kuma bi.

Iyayenmu, don Allah a riƙa tambaya kafin a yanke hukunci, kuma a duba inda kuɗin ciniki ke zurarewa. Allah Ya shirye mu baki ɗaya, amin.

Wassalam.