DUBI HALITTAR ALLAH: Auren Tsuntsayen Teku a Shekarar Wahala

A wannan wata za mu bar tudu mu gangara teku, domin mu ga wata tsuntsuwa wadda ta girmi yawancin masu karanta wannan shafi.

Da yawa cikinmu muna tsammani tsuntsu ba ya daɗewa a duniya, gama kazar gidanmu muke dubawa, ita kuwa da wuya ta ga Kirsimeti uku. Amma waɗanda suka taɓa kiwon aku sun sani yakan yi shekara 40 ko fiye a gida ɗaya. Akwai kuma wani babban tsuntsun teku da ake kira albataros, wanda ba ya zuwa ƙasarmu. In ya buɗe fikafikansa sukan kai ƙafa 6 har su ɗara. Yakan yi shekaru yana yawo bisa ruwa bai taka ƙasa ba, sai ya girma ya komo tsibirin da aka ƙyanƙyashe shi domin neman abokin zama.

A tsakiyar Tekun Fasifik, arewa maso yamma da Hawayi, akwai tsibirin Midwe. A watan Disamba na 1956 wani masanin tsuntsaye na Amurka, Chandler Robbins, ya iske wata albataros a can tana kwanci bisa ƙwanta, ya sa mata zobe mai lamba a ƙafa. Irin wannan tsuntsuwa ba ta fara ƙwai sai ta kai shekara 5 aƙalla. A 2002 mutumin ya koma tsibirin, ya kama wata cikin dubban tsuntsaye, da aka duba lambar sai ga shi ita ce, bayan shekara 46! Aka sa mata suna Wisdom, watau Hikima. Shi Robbins ya rasu a 2017 yana da shekara 98, ya bar ta da rai. A ƙarshen 2024 ta sake yin ƙwai tana da wajen shekara 74, a farkon 2025 kuwa ɗan ya ƙyanƙyashe. Cikin tsuntsayen da ba na gida ba, ita ce mafi tsufa da aka taɓa sanin shekarunta.

Yanzu mu dubi zaman aurensu. Saurayi da budurwa ba su yin gaggawa. Sukan yi shekaru suna zuwa tsibirin, suna rawa gaba da gaba, suna kaɗa baki suna ɗaga kai sama, kafin kowa ya tsai da nasa. In sun daidaita, ƙwai ɗaya tak macen takan yi a shekara. Kwanci yakan ɗauki wata 2, su biyun kuwa karɓa-karɓa suke yi: ɗaya ya zauna bisa ƙwan ba ci, wani lokaci har mako 2 ko 3, ɗayan ya tafi can cikin teku neman abinci. Bayan ƙyanƙyashewa, sai sun yi wata 5 ko fiye suna ciyad da ɗan kafin ya iya tashi. Aikin ya fi ƙarfin tsuntsu ɗaya. In ɗaya bai komo ba, tilas mai kwanci ya tashi don yunwa, ƙwan ya lalace.

Hikima ta zauna da miji ɗaya fiye da shekara 10. Bayan 2021 ba a ƙara ganinsa ba, sai a 2024 aka gan ta da wani. Haka yawancinsu suke, mutuwa ce takan raba su. Amma ba kullum ba.

A can kudu, gabas da Ajantina, akwai tsibiran Fakland inda wani irin albataros mai baƙar gira yake sheƙa. Masana sun yi shekara 15 suna lura da aure wajen 15,500 na tsuntsayen nan, suka buga abin da suka gani a 2021. A shekarar da ruwan teku ya yi sanyi, abinci ya wadata, auren da yake mutuwa bai kai 1 cikin 100 ba. A shekarar da ruwa ya yi ɗumi, abinci ya yi nisa, sai ya hau kusan 8 cikin 100. An riga an san cewa macen takan bar namijin in ƙwansu ya lalace. Abin mamaki shi ne, a shekarun wahala har waɗanda suka yi renon ɗansu lafiya sukan rabu.

Masanan suna tsammani dalili biyu ne. Na fari, wanda ya yi nisa neman abinci yakan makara komowa, ya tarar an maye gurbinsa. Na biyu, gajiya da yunwa sukan dami macen, ita kuwa ba ta da hanyar sanin cewa teku ne ya sāke. Wanda take gani kusa da ita shi ne mijin, sai ta ɗora masa. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Jama'a, ashe ba mu san wannan a gidajenmu ba? Shekarar da damina ta yi gardama, ko farashi ya hau, ko albashi ya makara, a ranar maigida yakan ga uwargida ba ta iya tattali ba, ko da yake mudun da take aunawa bana shi ne na bara. Ita kuma sai ta ga shi rago ne, alhali kuwa gonar da ya noma bara ita ya noma bana. Wani ya tafi cin rani ya daɗe, ya komo da ɗan abin da ya samu, maimakon sannu da zuwa sai fushi ya tarbe shi. Yara suna gefe suna ji. Da yawa cikin ƙararrakin da ake kai wa dattawan ekklesiya, in aka tona gindinsu, rumbu ne ya yi ƙasa.

Tsuntsu ba shi da laifi, gama bai yi alkawari gaban kowa ba, ba a kuwa ba shi hankalin bincike ba. Mu an ba mu. Mun tsaya gaban Allah da jama'arsa mun ce za mu riƙe juna cikin samu da rashi. Saboda haka kafin maganar zafi ta fita, bari kowa ya tambayi kansa, "Abokin zamana ne ya sāke, ko kuwa shekarar ce?" Miji ya faɗa wa matarsa gaskiyar abin da ke aljihunsa. Mata ta nuna masa abin da ya rage a rumbu. Su zauna su lissafta tare, su yi addu'a tare. Inda kuwa akwai laifi na ainihi, kamar duka, ko shaye-shaye, ko cin amana, kada a fake da shekara, a kai maganar wurin fasto da dattawa tun da wuri.

A lokacin addu'ar iyali ta wannan mako, ku karanta Irmiya 8:7, inda annabi ya kawo misalin shamuwa da sanin lokatanta domin ya tsauta wa mutanen Allah. Ku karanta kuma Matiyu 6:26, ku tambayi yara wane ne yake ciyad da Hikima duk shekarun nan. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.