Amana Ba Ta Hana Rubutu Tsakanin Maigida da Yaron Shago

Daga Kantin Kwari zuwa Singa da Sabon Gari a Kano, har garejin kanikawa da gidajen burodi, akwai ra'ayin da ya zauna daram a zukatan masu ƙananan sana'o'i: wai dokar ƙwadago ta manyan kamfanoni ce da ma'aikatan gwamnati, yaron shago kuwa amana ce iyayensa suka damƙa, don haka neman a rubuta sharuɗɗan aiki tamkar nuna rashin yarda ne. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma ranar da aka ɓata, maigidan da ya riƙe shi ne zai fi kowa kwana ciki.

Masu wannan ra'ayi suna da ɗan abin kamawa. Dokar mafi ƙarancin albashi, wadda ta kai shi naira 70,000 a 2024, ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Sai dai daga nan suke zarcewa su ɗauka kowace doka haka take, alhali Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta ƙirga yawan ma'aikata kafin ta yi aiki. Sashe na 7 ya wajabta a ba ma'aikaci takarda cikin wata uku da fara aiki, mai bayyana irin aikinsa da albashinsa da yadda za a rabu. Sashe na 11 ya tsara wa'adin sanarwa kafin sallama: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu har zuwa shekara biyar, wata guda daga nan zuwa sama. Ke nan wanda ya ce wa yaron da ya shekara shida yana buɗe masa shago "kada in sake ganin ƙafarka nan", ba tare da laifi babba ba, ya ɗauko wa kansa bashin albashin wata. Haka nan dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ga asusun NSITF, domin ranar da injin murza fulawa ya cinye yatsun mai kwaɓa burodi, a sami inda diyya za ta fito ba daga jarin shago ba.

Wurin da rashin rubutu ya fi cizo shi ne ranar lissafi. An ƙirga bandir ɗin shadda an ga babu uku, ba littafin shiga da fita, ba wanda ya sa hannu a kan abin da ya karɓa. Sai maigida ya yanke albashi da ƙarfin kansa, ko ya kai yaro caji ofis. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago bai yarda a cire asara daga albashi ba sai da amincewar jami'in ƙwadago, dokar 'yan sanda ta 2020 kuma ta hana kama mutum saboda saɓanin yarjejeniya kawai. Idan ba a tabbatar da sata ba, wanda aka tsare yana iya neman diyyar tauye masa haƙƙi. Haka rigimar sallama take: yaro ya yi shekaru yana bauta bisa alkawarin jari, ba a faɗi nawa ba, ba a faɗi yaushe ba. In maigida ya rasu, magada su ce ba su san zancen ba, shi kuma ya ce an cinye guminsa, zumuncin gidaje biyu ya tsinke.

Za a ce ai yaran ba sa zuwa kotu. Dogaro da rashin sanin wanda ke ƙarƙashinka ba tsaro ba ne, domin tun gyaran tsarin mulki na 2010 Kotun Ƙwadago ta Ƙasa ce ke da hurumin waɗannan shari'o'i, tana da reshe a Kano, kuma lauya ɗaya ya isa ya nuna wa yaro hanya. Za a kuma ce rubutu al'adar Nasara ce. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, ga Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu ta sharɗanta wa ijara a yanka mata wa'adi a ambaci lada. Wanda ke cewa "zan riƙa ganinka da alheri" a madadin albashi sananne ya saɓa wa fiƙihun da ya karanta tun kafin ya saɓa wa dokar ƙasa.

Maganar tsadar rubuta yarjejeniya ma ba ta tsaya ba. Shafi ɗaya ya isa, da Hausa, boko ko ajami: aikin da za a yi, albashi da ranar biya, ranar hutu, wanda ke riƙe da makulli da littafin kaya, shekarun da za a yi kafin sallama da adadin jarin. Maigida da yaro da waliyyinsa su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da suke ɓata ranaku wajen sasanta irin waɗannan rigingimu, su ya kamata su buga takardar su raba wa membobinsu, shugaban layi ya zama shaida, su kuma sanar cewa ba za su zauna sulhu kan alkawarin da ba a rubuta ba.