BA KOWANE JINI BA NE BASIR

 A wannan wata maganarmu ba ta taki ba ce ko ta iri. Ina so mu yi shawara a kan wani al'amari wanda kunya takan hana mu ambata a taron ƙungiya, watau jinin da mutum yakan gani in ya zaga bayan gida.

A ƙauyukanmu, duk abin da ya fito ta wannan hanya suna ɗaya muke ba shi: basir. Mutum ya ga jini, a ce basir ne. Cikinsa ya daɗe yana murɗawa, basir ne. Ya rame har wandonsa yana saɓulewa, a ce basir ne ya ci ƙarfinsa. Sai a nufi kasuwa wurin mai lasifika, a sayi jiƙo ko garin magani. A sha wata uku, wata shida, har shekara. Gaskiya ne basir yana sa jini, kuma sau da yawa shi ɗin ne. Atuni ma yana sa jini, haka kuma waɗansu tsutsotsin ciki. Amma akwai wani ciwo da yakan fake a bayan sunan basir, shi ne ciwon daji na babban hanji, wanda waɗansu ke kira sankara. Ra'ayina shi ne, kada wani a cikinmu ya ƙara raɗa wa jini suna sai likita ya duba. Kuma ya kamata ƙungiyoyinmu na gama kai su ɗauki wannan dubawa kamar aikinsu ne.

Yadda ciwon yake farawa

Babban hanji shi ne ƙarshen hanyar abinci, tsawonsa kamar mita ɗaya da rabi, yana ƙarewa a dubura. Yawancin wannan ciwo yana somawa da wani ɗan tsiro a jikin hanjin daga ciki, wani lokaci bai kai ƙwayar wake ba. Ba ya zafi, ba ya hana mutum noma. Ba kowane tsiro ne yakan zama ciwon daji ba, wanda kuwa zai zama yakan ɗauki kamar shekara 10 ko fiye yana girma a hankali. Duk wanda ya noma dawa ya san halin wutawuta. Tana kama saiwar dawa a ƙarƙashin ƙasa tun ba a ganinta, ranar da ta fito ta yi fure kuwa ta riga ta gama yawancin ɓarnarta. Haka wannan ciwo yake. Bambancin shi ne, yanzu akwai hanyar da za a leƙa a ga tsiron tun yana ƙarami, a cire shi.

Ba ƙaramin ciwo ba ne a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum fiye da miliyan 1.9 suka kamu da shi, fiye da 900,000 kuma suka mutu. A cikin cututtukan daji, shi ne na biyu wajen kisa. Waɗansu sukan ce ciwon Turawa ne. Likitocin Nijeriya kuwa suna ganinsa a asibitocinmu, kuma abu biyu suke kuka da shi: yawancin masu ciwon sukan zo ne bayan ya yi nisa, kuma da dama cikinsu ba su kai shekara 50 ba.

Mene ne leƙen hanji?

Likitoci suna kiransa kolonoskofi. Akwai wata doguwar roba mai lanƙwasuwa, kaurinta kamar yatsa, da fitila da ƙaramar kyamara a bakinta. Mutum yana kwantawa a gefen hagu, a lulluɓe shi, yawanci a yi masa allurar da za ta rage zafi ta sa shi gyangyaɗi. Sa'an nan likita ya sa robar ta dubura a hankali, yana kallon cikin hanjin a allo. In ya ga tsiro, yana iya yanke shi nan take da wata 'yar waya da ke bi ta cikin robar, a aika da shi ɗakin gwaji. Ba a tsaga ciki. Aikin yakan ɗauki minti 30 zuwa awa ɗaya, yawanci kuma mutum yana komawa gida a ranar. Ba sabon abu ba ne. Tun a 1969 likitoci biyu a birnin New York na Amurka, Hiromi Shinya da William Wolff, suka soma cire tsiro ta wannan hanya.

Wahalar aikin tana wajen shiri, gama dole hanji ya zama fes kafin a ga kome. Kwana biyu ko uku kafin ranar, akan ce a bar wake, da ganye, da abinci mai dusa. Ana gobe, ba tuwo, ba fura, ba kunu. Sai ruwa, da shayi marar madara, da romon da aka tace. Kada a sha zoɓo, domin jan launinsa yana iya kama da jini. Za a ba da maganin wanke ciki, mutum ya yi ta zagawa har abin da ke fita ya zama kamar ruwa. Wanda ya yi ha'inci wajen shan maganin, kansa ya cuta, don likita ba zai gani sosai ba, sai a sake. Mai ciwon sukari, da mai shan maganin tsinka jini ko na ƙarin jini, lalle ya gaya wa likita tun da wuri. A tafi da ɗan rakiya, kuma kada wanda aka yi wa allura ya tuƙa babur ko mota a ranar.

Akwai hatsari? Akwai, amma kaɗan ne. Wani yakan zubar da ɗan jini bayan an cire tsiro. Hujewar hanji tana faruwa, amma a wurin binciken masu lafiya ba ta kai mutum 1 cikin 1,000 ba. In sakamako ya fito lafiya lau, kuma ba mai ciwon a dangi, yawanci sai bayan shekara 10 za a sake.

Su wa ya kamata su je?

Na farko, duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan alamu, kome shekarunsa: jini a bayan gida, zawo ko taurin ciki wanda ba a saba da shi ba, ya kuma wuce mako uku ko huɗu, jin kamar ba a gama ba bayan an tashi, ciwon ciki da ya ƙi tafiya, rama ba dalili, da gajiya irin ta ƙarancin jini. Wannan kada ya jira kaka.

Na biyu, wanda mahaifinsa, ko mahaifiyarsa, ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya ya yi ciwon. Shi akan shawarce shi ya fara tun yana shekara 40, ko ma kafin haka in ɗan'uwan ya kamu da ƙuruciya.

Na uku, mai lafiya wanda shekaru suka soma taruwa. A Amurka da can daga shekara 50 ake farawa, amma a 2021 suka rage zuwa 45 saboda ciwon yana ƙaruwa a cikin matasa. Ga irin wannan mutum akwai gwaji mai sauƙi. Ana kai ɗan bayan gida a bincika ko akwai ɓoyayyen jini wanda ido ba ya gani. Akan yi shi kowace shekara ko bayan shekara biyu. In an ga jini, sai a wuce ga leƙen hanji.

Abin da ke hana mu

Wani zai ce kunya. Dattijo mai jikoki ya kwanta a duba shi a wannan wuri? Na gane. Amma aikin likita ke nan kullum, kuma mace tana da ikon ta roƙi ma'aikaciya mace ta tsaya tare da ita. Kunyar rabin awa ba ta kai ta kwanciyar wata shida ba, lokacin da 'ya'ya ne za su riƙa ɗaga mutum suna wanke shi.

Wani zai ce, gara kada in sani. Ga amsa. A Amurka, cikin mutum 10 da aka gano ciwonsu tun bai fita daga hanji ba, kamar 9 suna raye bayan shekara 5. In ya riga ya bazu zuwa hanta ko huhu, ba su kai 2 cikin 10 ba. Shugaban Amurka Ronald Reagan, an leƙa hanjinsa a 1985 aka sami tsiro mai ciwon daji, aka yi masa aiki. Ya rayu har 2004, kuma ba wannan ciwo ne ajalinsa ba. Rai a hannun Allah yake, amma wanda ya yi addu'ar ruwan sama ba ya barin garma a ɗaki.

Maganar kuɗi ita ce mai nauyi, ba kuwa zan raina ta ba. Na'urar ba ta ɗakin magani na ƙauye. Sai manyan asibitoci, kamar asibitocin koyarwa na Jos, da Shika kusa da Zariya, da na Malam Aminu Kano a Kano. Ga kuɗin mota, ga na masauki, ga na aikin. Mutum ɗaya zai ji jiki. Amma ai dalilin da ya sa muka kafa ƙungiya ke nan. Buhun takin da ɗaya ba zai iya saya ba, mun haɗa hannu mun sayi mota guda. Me zai hana mu yi wa jikin manomi abin da muke yi wa gonarsa? Mu tuna kuma, jinyar ciwon da ya yi nisa ita ce takan cinye shanun noma da gonar gado, sa'an nan sau da yawa a rasa mutumin.

Shawarata ga ƙungiyoyi

A taronku na gaba, ku kafa asusun duba lafiya. Kowane mamba ya ba da mudu kaɗan na hatsi da kaka, a ajiye, a sayar lokacin da farashi ya tashi. Wanda ya ga alama shi ne na farko da za a taimaka, da rance marar ruwa ko da kyauta, yadda kuka shirya. Ku zaɓi mutum biyu masu riƙon asiri, namiji da mace, waɗanda mamba zai iya gaya wa damuwarsa ba tare da gari ya ji ba. Ku gayyaci malamin asibiti ya zo ya yi bayani, zumuntar mata ma kada a bar su a baya, domin ciwon ba ya zaɓen namiji. Masu lafiya da suka haura 45 su shirya zuwa gwaji da rani, lokacin da aikin gona ya yi sauƙi.

A gida kuma, kada mu raina abincinmu. Dawa da gero waɗanda ba a surfe su ƙwarai ba, da wake, da zogale, da rama, suna taimakon hanji. Taba, da giya, da yawan jan nama, da naman gwangwani, suna ƙara hatsari. Amma abinci mai kyau ba ya maye gurbin dubawa.

In an duba an ce basir ne, to, madalla, sai a yi maganinsa da kwanciyar rai. In kuwa wani abu ne dabam, an same shi a lokacin da ake iya taimako. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.