Lafiya Uwar Jiki: Shin Ƙwayar NAC Tana Narkar Da Kitsen Hanta?

A wannan mako za mu duba wata ƙwaya wadda sunanta ya cika bakin masu tallar magunguna a kantunan birane da shafukan intanet, watau N-acetylcysteine, wadda ake taƙaita sunanta da NAC. Masu sayar da ita suna cewa wai tana wanke hanta, tana kuma narkar da kitsen da ya taru a cikinta. Sau da yawa mutum zai je asibiti a ɗauki hoton cikinsa, a ce masa akwai kitse a hantarsa, kafin ya kai gida wani ya riga ya nuna masa kwalbar da zai saya. To, ina gaskiyar maganar take?

Da farko dai ya kamata a ba NAC haƙƙinta, domin magani ce ta ainihi wadda likitoci suka daɗe da sani. Tun a shekarar 1963 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da ita wajen tsinka majina mai kauri a ƙirjin marasa lafiya. Amma inda ta yi suna ƙwarai shi ne wajen ceton wanda ya sha farasitamol fiye da ƙima.

Ga yadda abin yake. In mutum ya sha farasitamol, hanta ce ke sarrafa shi, kuma a wajen wannan aiki wani ɗan kaso nasa yakan rikiɗe ya zama guba. Allah ya ajiye wa hanta wani sinadari mai suna gulutatayon, wanda ke kama gubar ya kashe kaifinta. In aka sha maganin da yawa, sai sinadarin ya ƙare, gubar ta shiga cin naman hanta. NAC kuwa tana ba jiki kayan da zai sake ƙera gulutatayon da su cikin gaggawa. A shekarar 1977 ne Dokta Laurie Prescott da abokan aikinsa a birnin Edinbara na ƙasar Birtaniya suka bayyana nasarar da suka samu da ba da ita ta jijiya. Aikinta ya fi kyau in an fara ta cikin awa takwas da shan maganin, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin magungunan da suka wajaba a samu a kowace ƙasa.

Sai mu ja kunne a nan. Kada baligi ya wuce ƙwaya takwas ta farasitamol mai miligiram 500 a yini guda. Wanda kuwa ya wuce ƙima, a garzaya da shi asibiti ko da yana cewa lafiyarsa lau, kada a tsaya ba shi NAC ta kanti a gida.

Daga wannan suna da ta yi ne 'yan kasuwa suka ɗauko hujjarsu, suka ce tun da tana ceton hanta daga guba, lalle za ta warkar da kowace irin cutar hanta. Alhali kuwa ruwan da ya kashe gobara ba shi zai gyara azarar da gara ta ci ba. Gubar farasitamol ɓarna ce ta kwana biyu ko uku. Kitsen hanta kuwa a hankali yake taruwa shekara da shekaru, sabili da ƙiba, da teɓa, da ciwon sukari, da yawan shan zaƙi, da zama wuri guda. Barasa ma tana kawo shi. Likitoci suna cewa hanta ta yi kitse in ya wuce kashi 5 cikin ɗari nata, kuma an ƙiyasta cewa wajen mutum uku cikin kowane baligi goma na duniya suna da shi. Yawancinsu ba sa jin komai, amma a jikin waɗansu hantar takan kumbura, ta yi tabo, har ta ƙandare ta kasa aiki.

An gwada NAC a kan masu wannan larura, amma gwaje-gwajen na mutane kaɗan ne, na 'yan watanni kuma. A waɗansunsu an ga alamun wahalar hanta da ake aunawa a jini sun ɗan sauka. Sai dai saukar lamba a takardar awo daban, warkewar hanta daban. Ba a tabbatar da cewa tana kawar da tabo ko tana hana ƙandarewa ba, shi ya sa manyan ƙungiyoyin likitocin hanta ba su sa ta cikin maganin kitsen hanta ba. Maganin farko da Amurka ta amince da shi musamman domin wannan cuta shi ne Rezdiffra, a watan Maris na 2024, shi ma ga waɗanda hantarsu ta riga ta yi tabo. Bugu da ƙari, NAC takan sa tashin zuciya, da amai, da gudawa. Mai asma, da mai shan nitroglycerin domin ciwon zuciya, kada su taɓa ta sai da yardar likita.

Abin da aka tabbatar yana aiki ba a kwalba yake ba. Rage kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki yana rage kitsen da kumburin, har ma yakan sassauta tabon. Watau mai kilo 80 ya zubar da kimanin kilo 6 zuwa 8 sannu a hankali. A bar lemon kwalba, a rage sukari a shayi da koko, a rage malmalar tuwo a ƙara ganye da wake, a riƙa tafiya da sauri ta minti 30 kwana biyar a mako, a nisanci barasa, mai ciwon sukari kuma ya riƙe maganinsa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman a Nijeriya. Binciken da aka yi a faɗin ƙasar nan a shekarar 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Wanda ya rungumi NAC ya ƙi zuwa awon jini, yana iya ɓata shekarun da za a cece shi a cikinsu. Kuɗin kwalbar gara a kai su wajen awo, da allurar rigakafi ga iyali. A kuma guji gyaɗa da masara masu fumfuna, domin gubarsu tana haddasa sankarar hanta.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya ƙara mana lafiya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.