Keken ɗinki bai ci amanar allura ba

A Madarunfa, garin tabki da kushewun waliyyai, mata kan taru da la'asar a gida guda, su kewaye keken ɗinki ɗaya ko biyu suna gwada hannu a kan ƙyalle. Wata ta sassauta zaren ƙasa ta ga yadda zigizagi zai kwanta, wata ta haɗa zare biyu a allura guda. Wannan wasa ne wasu dattawan sana'a ke kira ɓata gado, wai surfanin keke ba aiki ba ne, kwaikwayo ne. Maganar nan ba ta da tushe, kuma lokaci ya yi da za a faɗa musu haka.

Gadon da suke karewa bai taɓa zama wuri ɗaya ba. A 1851, shekarar da Barth ya ratsa Tasawa da Katsina ya isa Kano ya tarar da kasuwar tufafi mai ciyar da ƙasashe, a shekarar ce Singer ya yi rajistar kekensa a Amurka. Alharinin da aka ƙawata rigunan wancan zamani da shi, ayari ne ke kawo shi ta hamada daga Tarabulus. Ba wanda ya ce baƙon zare ya ɓata aska takwas. Me ya sa baƙuwar na'ura za ta ɓata ta?

Abin da ke ƙasan wannan ƙorafi ba keke ba ne, hannun da ke juya shi ne. Aikin babbar riga na maza ne tun asali, malamai da almajirai a zaure. Da matan birnin Zariya suka shiga ɗinkin hannu a shekarun 1970, sana'ar ba ta mutu ba, yaɗuwa ta yi. Ƙasar Maraɗi kuwa ita ce mahaifar asusun Mata Masu Dubara tun 1991. Macen da ta iya tara kuɗin keke daga asusu ba ta jiran izinin kowa kafin ta taka shi.

Masu kishin gado su dubi inda haɗarin yake. Yana cikin dilolin gwanjo, da na'urar kwamfuta mai buga zane ɗaya sau dubu ba tare da wani ya koyi komai ba. Wadda ke gwaji a keke tana koyon halin zare da yadi, kuma iliminta yana kanta. Da Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki a Agustan 2023, an ga amfanin keken ƙafa da mai sarrafa shi.

Amma su ma matan akwai magana a kansu. Gwajin da ya ƙare a kwafar furannin da aka gani a waya rabin gwaji ne. Dagi da tambari da aska suna nan suna jiran wadda za ta sauko da su wuyan rigar yaro da bakin mayafi. Su kuma dattawan, maimakon tsaki daga zaure, su fito da tsofaffin rigunansu daga adaka, su shimfiɗa a gaban masu keke, su nuna musu inda allura ta bi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.